Gwadabe Ya Baro Asibiti Ya Zo Shuka

Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, mu ma can muka dosa. Ranar Laraba, shida ga watan Sha'aban, da hantsi, Allah ya yi wa Malam Gwadabe rasuwa a gidansa da ke Jahun, bayan doguwar jinya ta ciwon daji na fata. An yi masa sutura bayan azahar. Malamin kimiyya ne a sakandare, manomi ne, kuma zabiya ne. Ya bar matarsa Zuwaira da 'yarsa guda ɗaya, Fiddausi, ita ma zabiya kamar ubanta.

Ni ce Gaji, matar yayan mahaifinsa. Iya yake ce mini. Karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, yadda nake magana haka zan rubuta. Kuka kuwa na yi wanda zan yi. Magana ce da ni, rabinta ta mamacin ce, rabinta ta yayansa Ɗayyabu, wanda ya ce da zarar Zuwaira ta fita takaba zai ɗauki Fiddausi ya tafi da ita ƙauyensu na wajen Miga. Ni ban yarda ba. Sai an ji labarin uban za a gane dalili.

Gwadabe, a gabana aka haife ka. Ungozoma ta ɗago ka fari fat, mata suka cika ɗaki suna leƙe. Ni na karɓe ka na ce yaro ne, hannu biyu ƙafa biyu, kowa ta koma ga tukunyarta. Ba mu san komai a kan irinku ba a lokacin. Ubanka, Allah ya ji ƙansa, ya ce ba zai ware ka daga sauran yara ba, abin da suka yi shi za ka yi. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Haka ka tashi kana bin su gona ba riga, kana korar awaki da tsakar rana. Ka dawo da yamma jajawur, bayanka na saɓulewa, mu shafa maka man shanu, gobe ka koma. Sana'ata saƙar kaba ce, sai na saƙa maka 'yar malafa. Yara suka sa ka a gaba, Bature ɗan gona, Bature ya sa faifai. Ka jefa ta rijiya. Na saƙa wata, ka ba akuya ta cinye. Taurin kan nan da shi ka zo duniya.

Karatu kam ka yi shi da wahala. Idon ba ya gani sosai, littafi a kan hanci kamar kana shinshinarsa. Ka je Dutse ka yi mai zurfi, ka dawo kana koyarwa. Da ka dawo ne na ga ka zo da kanka kana neman malafa, babba, mai faɗin faranti. Na ce yau kuma? Ka ce, "Iya, yanzu na san abin da rana ke yi mini." Daga nan ban ƙara ganin kanka a buɗe ba, sai a sallah.

Ba kanka kaɗai ka tsaya wa ba. Duk ƙauyen da ka ji an haifi zabiya, daga nan har Kafin Hausa, sai ka shiga mota ka je. Ka zauna da iyayen ka yi ta surutu, riga mai dogon hannu, inuwa, kada a aike su da tsakar rana, a makaranta a zaunar da su gaba. Malafun da kake raba musu duk ni ka sa saƙawa. Kabar da ka sa na yayyaga ba ta ƙirguwa, yatsuna har yanzu suna tuna ka. Ina mita kana dariya, ka ce ladan na rabawa ne.

Da Malam, mai gidana, ya rasu, ba ni da ɗa namiji a raye. Gonarsa ta hanyar Miga ta zama tawa. Ranar sadakar bakwai ka ce muddin kana numfashi, gonar Iya za a fara shukawa kafin taka. Ba wanda ya tambaye ka. Ka kuwa cika, shekara da shekaru. Da asuba kake fita ka tashi kafin rana ta yi ƙarfi, ka koma da la'asar. Saranka bai taɓa miƙewa ba saboda idon, layukan gero a karkace kamar tafiyar maciji. Duk mai wucewa ya san aikinka ne. Amma geron yana yi.

Sai ciwo ya kama ni a nono. Aka yi aiki aka cire, likita ya ce saura gashi, sai an je Zariya inda injin yake. Na ce ba inda za ni, ni kaza ce da za a gasa? Kowa ya yi magana na ƙi. Kai ka zo ka same ni a tsakar gida ina tufka igiya, ka zauna a kan turmi, ka karɓi igiyar daga hannuna.

Abin da ka faɗa mini ran nan na riƙe shi, don ba wanda ya taɓa yi mini bayanin jikina kamar ni ma mutum ce mai hankali. Ka ce jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana birjik, kamar gero a zangarniya, sai dai ido ba ya ganinsu. Kowace ƙwaya akwai igiya a cikinta mai tufka biyu, kamar wannan ta hannunka, a jikinta aka rubuta yadda ƙwayar za ta yi aiki da yadda za ta haifi wata. Yana da sunansa na Turanci, ban riƙe ba. Ka ce Allah ya zuba masu gyara a ciki, kamar gyartai mai ɗinkin ƙwarya, ba su da aiki sai bin igiyar nan suna duba inda ta lalace.

Ka ce haske iri-iri ne, kowanne da irin ɓarnarsa. Na rana, akwai wani a cikinsa da ido ba ya gani, ba ya shiga can ciki, a fata yake tsayawa. Shi ba ya tsinka igiyar, gefe ɗaya yake cukurkuɗawa. Masu gyara su yanke wurin, su dubi ɗaya gefen mai lafiya su mayar da irinsa. Ka kama hannuna ka ce, "Ke baƙin nan naki, Iya, malafa ce Allah ya kifa wa kowace ƙwaya. Ni ba a ba ni ba. Masu gyarana tun ina yaro ba su huta ba." Ka ce in aiki ya yi musu yawa sai wani ƙulli ya wuce ba su gani ba, ya zauna shekaru yana jira, shi ne wata rana yake tashi ya zama daji. Ka ce fata ba ta mantuwa.

Na hoton ƙashi kuwa, wanda ake ɗauka in an karye, ratsa jiki yake ya wuce, amma ɗan kaɗan ne, abin da ya taɓa masu gyara sun fi ƙarfinsa. Injin gashi danginsa ne, sai dai an ƙara masa ƙarfi an saita shi a kan ciwon. Sai ka sa haƙori ka datse mini igiyata gida biyu, igiyar da na wuni ina tufkawa. Ka ce haka yake yi, duka gefen biyu yake tsinkawa. Ƙwaya mai lafiya in ta ji haka sai ta tsaya cak, ta daina haihuwa har ta ɗaure igiyarta. In ɓarnar ta fi ƙarfinta ta kashe kanta, don kada ta haifi mugun iri. Ta daji kuwa ba ta da wannan haƙurin. Gaggawar haihuwa take da tsinkakkiyar igiya, a nan take mutuwa. Shi ya sa ba a yi gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan ake yi kullum, masu lafiya su samu su gyara kafin gobe, na dajin su yi ta raguwa.

Na ce to ka biya ni igiyata. Ka ce sai mun dawo daga Zariya.

Ka ɗauki hutu ka kai ni. Injin ma ba zafi, kwanciya kawai, sai gajiya da fata ta yi duhu. Da aka kai wajen rabi na ji ƙarfi a jikina, ga kuma bikin jikata ya taso a gida. Na ɗaure kayana na ce na warke, biki ba zai wuce ni ba. Na nemi takalmina sama da ƙasa, babu. Ashe kai ka ɓoye.

Na ce, "Gwadabe, ni sa'arka ce? Fito mini da takalmina."

Ka ce, "Iya, ko zagina za ki yi ki zage ni a zaune. Kin taɓa ganin an yi rabin noma an tafi biki? Ciyawar da ta rage ita ce mai taurin rai, kin kuma share mata fili. In kika dawo sai kin tarar ta fi da."

Na zage ka iya zagi, matan da ke ɗakin suna ta dariya. Biki ya wuce ban je ba. Na gama gashina tas. Ga ni nan yau ina cin tuwo, ina rubuta ta'aziyyarka.

Naka ya fara ne a kunne. Wani ɗan ɓawo, ya bushe ya faɗi ya dawo. Kai da ka san komai, ka gane shi da wuri, ba ka tsaya shafe-shafe ba. Aka yanke rabin kunnen. Ka dawo kana barkwanci wai yanzu rabin faɗana kawai za ka riƙa ji. Bayan wani lokaci ya sake tsirowa a gefen wuya, aka ce sai gashi. Ka tafi Zariya ana tsananin zafin bazara, wajen Babbar Sallah. Har tasha na raka ka na ce ka ga dai yadda ka yi mini, in ka kuskura ka dawo ba ka gama ba ni ma na san inda ake ɓoye takalmi. Ka ce ai kai ne malamin.

Zuwaira ta ba ni labarin yadda aka yi. Ranar da ruwan shuka ya sauka, da la'asar, ka kira ta a waya kuna gaisawa. Ba ta faɗa maka ba. Ruwan ne ya faɗa maka da kansa, ka ji shi yana dukan kwano ta cikin wayar. Ka ce, "Zuwaira, wannan ai na shuka ne." Ta ce yayyafi ne. Ka ce yayyafi ba ya irin wannan ƙarar.

Washegari da rana ina zaune sai ga sallama. Na ɗaga kai na gan ka, wuya a naɗe, malafa a ka, sungumin aro a kafaɗa. Ko gidanka ba ka biya ba.

Na ce, "Uban me ya dawo da kai?"

Ka ce, "Ina irin, Iya?"

Na ce ka koma yau ɗin nan, gona ta kwana shekara ba shuka, ba zan mutu da yunwa ba. Ka ce yau kowa yana tasa gonar, ko ɗan ƙwadago ba za a samu ba, danshin kuma ba zai jira ba. Kwana biyu kawai, ka ce, likita ma ba zai lura ba. Na hana ka irin. Ka shiga ɗaki ka ɗauko da kanka, don ka fi ni sanin inda nake ajiyewa. Na kama maka riga ka zare hannuna a hankali. Ni tsohuwa ce, ba zan iya kokawa da kai ba.

Kwana biyu suka wuce. Ruwa ya ɗauke, shukar ta ƙone a ƙasa. Ka ce ka jira na biyu ka sake, tunda ka riga ka zo. Da aka sake ta fito, sai ga ciyawa, ka ce bari ka yi noman fari. Daga asibiti suna ta kiranka a waya, ina jin ka kana cewa gobe in sha Allahu. Kai da ba ka fita sai da asuba, a wannan karon har rana ta take kana duƙe, don kana sauri ka gama ka koma. Da ka koma, abin da ka faɗa mini a ɗakin nan na Zariya shi ya same ka, ba ragi. Ya bazu a wuya, ya sauka ƙirji. Suka yi iya yinsu.

Na san kwana ne ya ƙare, ko kana kan injin in lokaci ya yi za ka tafi. Wannan na sani, kada wani ya zo ya karanta mini. Amma Gwadabe, ka yi wauta, kuma da kana nan a gabanka zan faɗa. Ni ban kira ka ba. Da na san haka alkawarin nan zai ƙare, da tun ranar da ka ɗauke shi na ba da aron gonar na huta. Da ma ruwan ya yi jinkiri. Da ma Zuwaira ba a ƙarƙashin kwano ta ɗauki wayar ba. Geron ya yi kyau, rabon da gonar ta ba da irinsa tun Malam na da rai. Yana nan cikin rumbu. Ina ci, don ba a zubar da abinci, amma ba ya wuce mini da daɗi.

Kana kwance a ƙarshe, murya ta tafi sai raɗa, na zo duba ka. Fiddausi ta shigo daga waje kai ba komai, fuska ta yi ja. Ka kasa magana, sai ka ɗaga hannu ka nuna kanta, ka dube ni. Na ce na gani. Iyakar wasiyyar da ka bar mini ke nan.

To Ɗayyabu, yanzu da kai nake. Kai ma a gabana ka girma, ban taɓa saninka da mugunta ba. Ka yi wa ƙaninka jinya, ka sayar da ragonka saboda shi, kowa ya shaida. Da ka ce za ka ɗauki yarinyar, zumunci ne ya sa ka, kuma haka ake yi, 'yar ƙaninka 'yarka ce. Ranar sadakar uku na yi maka maganar, ka ce, "Haba Iya, inuwa ba ta ƙare a Miga ba." Na ce maka akwai inuwa, amma wa zai zauna a cikinta? Na san gidanka. 'Yan matan gidanka su ke kai abinci gona da tsakar rana, su ke kora awaki, su ke tsinkar wake da roron gyaɗa. Ba laifi ba ne, haka muka tashi duka. Kuma na san abin da za ka ce, don ubanku ya riga ka faɗa: ba za ka ware ta daga sauran yara ba. Da wannan kyakkyawar niyyar aka fara haƙa wa Gwadabe kabari tun bai yi kaciya ba. Mu a lokacin ba mu sani ba. Yanzu mun sani, shi ya sanar da mu.

Ka ce za a duba. Na san "za a duba" ɗinku na maza. Shi ya sa na rubuta, a karanta a gaban dangi, kowa ya zama shaida. Gonar nan ta hanyar Miga, ta fi kusa da kai a kan ni. Ka ɗauke ta ka noma, muddin ina raye ba zan tambaye ka ko zangarniya ɗaya ba. Irin da na ware daga geron Gwadabe ma na haɗa maka. Ni ba zan ƙara shuka ta ba, kuma ba wanda zai ƙara baro wani wuri saboda ita. Kai kuma ka bar Fiddausi a Jahun. In uwarta ta zauna, tana wurin uwarta. In Zuwaira ta sake aure, ɗakina yana nan, makarantar tana bayan gida, malaman abokan ubanta ne, sun san inda za su zaunar da ita. Da hutu a kawo maka ita ta gaishe ka, da rigarta mai dogon hannu. 'Yarka ce, ranar aurenta kai za ka ba da ita, ba wanda zai ƙwace maka wannan. Rana kawai nake roƙo ka raba ta da ita.

Zuwaira, Allah ya ba ki haƙuri. Kin yi jinya ba ki taɓa ɗaga murya ba, kuma ki daina cewa laifinki ne da kika ɗauki waya. Ruwa ba ke kika saukar da shi ba. Ina yi wa Ɗayyabu da sauran 'yan'uwa ta'aziyya, da malaman makarantarsu, da ɗalibansa da suka cika maƙabarta, da iyayen yaran nan zabiya da suka zo daga ƙauyuka, wasu ban ma san su ba sai da na gane saƙata a kan 'ya'yansu. Ku ci gaba da zuwa karɓa, muddin yatsun nan suna motsi.

Allah ya ji ƙan Gwadabe, ya gafarta masa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Allah ya yalwata masa kabari, ya sanyaya masa makwanci, ya sa shi a inuwar da ba rana a cikinta. Allah ya haɗa shi da iyayensa da Malam a Aljanna. Allah ya raya abin da ya bari, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Gwadabe, igiyata da ka datse ba ka biya ba, na yafe. Na saƙa wa Fiddausi malafa, na sa mata igiya a haɓa. Jiya ta dawo daga makaranta ba ita, wai yara sun yi mata dariya ta bar ta a kan katanga. Na sa ta ta koma ta ɗauko. Taurin kanka ne da ita, amma ni ma ban mutu ba tukuna.